Ranar da Hanci Ya Kunna Hayaƙi

In ka shiga layinsu ka ce mai gyaran famfo kake nema, za a nuna maka ƙofa uku. In kuwa ka ce Hanci, ba mai tambayarka wanne. Abin dariyar shi ne hancin nasa ɗan mitsitsi ne, ko tabarau ba ya riƙewa da kyau. Sunan daga aiki ya samo shi. Shekara talatin da ɗaya yana bin bayan gidajen mutane yana gano musu inda wari ke fitowa, har yara suka koma ce masa Baba Hanci, shi kuma yana amsawa da faɗin rai.

Da haƙar rami ya fara, tun yana saurayi, yana haƙa wa magina ramin masai. Daga nan ya koyi jan bututu da haɗa famfo. Amma abin da ya fitar da shi daban shi ne bai yarda akwai abin da ake kira wari kawai ba. In ka ce masa gidanka na wari, sai ya dube ka kamar ka zo asibiti ka ce jikinka ne ba daɗi. Wane iri? Zarni ne, ko ɗoyi, ko ƙarni, ko irin bashin nan na ruwan da ya kwana a kwata? Kowanne da inda yake fitowa, in ji shi. Sai ya goya hannuwa a baya ya zagaye gidan sau biyu, na farko a tsaye, na biyu a sunkuye, sannan ya tsaya ya nuna wuri da ƙafa ya ce a haƙa nan. Da wuya a haƙa ba a tarar ba.

Kuma bai taɓa yarda da maganar mai gida ba. Ya ce a iya saninsa, maigida maƙwabci yake zargi, matar gida mijinta take zargi da ƙin kiran masu kwashe rami, ɗan haya kuma ya rantse tun kafin ya tare abin yake. Kowa da wanda yake so a kama. Shi ya sa in ana yi masa bayani yakan gyaɗa kai, idonsa na can yana duba wace taga ce a rufe, ina aka matsar da igiyar shanya. Wannan hali na zargi ya bi shi har gida. In matarsa, wadda yake kira Tela saboda ɗinki take yi, ta ce masa ba komai, to ranar ba zai zauna lafiya ba sai ya gano menene ba komai ɗin.

Abu ɗaya ya raina a sana'ar tasu, shi ne hayaƙi. Sauran masu gyara in wari ya gagare su, sukan cusa tsummoki a gwangwani su kunna, su ajiye a cemba, wato ɗan akwatin simintin nan mai murfi da bututun gida ke bi ta ciki kafin ya kai rami. Sai su yi ta fifita hayaƙin yana shiga bututu, su tsaya su ga ta inda zai ɓullo. Hanci 'yan turare yake ce musu. Ya sha faɗa a shagon mai sayar da bututu, a gaban kowa, yana buga benci: “Ranar da kuka ji na kunna hayaƙi a gidan mutum, ku zo ku kwashi kayan aikina ku raba.” Ya maimaita maganar nan har ta zama kamar lambar da ke jikin babur ɗinsa.

To, wata bakwai da suka wuce mura ta kama shi, da zazzaɓi mai zafi. Kwana tara ya yi a kwance. Ya tashi, ya koma aiki, ya buɗe gwangwanin gam ɗin da ake liƙa bututu da shi, wanda da ko daga nesa aka buɗe sai ya hau masa kai. Bai ji komai ba. Ya kai gwangwanin har bakin hancinsa, idonsa ya kawo ruwa, amma shiru. Ya ce ai ragowar mura ce. Aka yi sati, aka yi wata, aka yi uku. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko a cikin rami mai gaba huɗu.

Bai gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da goya hannu yana zagaye gidaje yana jan numfashi da ƙarfi don a gani. Abin da yake bi a zahiri shi ne ƙuda, da damshin gindin bango, da ciyawar da ta fi sauran kore, da fuskokin mutanen gida, don duk dauriyar mutum sai ya yamutsa fuska in an zo wurin. Da haka ya yi ta sha. Aiki biyu da ya ga za su tona shi, ya ce bayansa ke ciwo.

Tela ce matsalarsa. Ya lura ta fara wasu abubuwa. Wata rana shinkafa ta kama a tukunya, matar da ba ta taɓa ƙona girki ba, ta kawo masa ta zauna tana kallonsa yana ci. Wata rana ta miƙo masa madara ta ce, “Malam, ji min wannan, ta yi tsami?” Ya ce, “Ke me kika ji?” Ta ce ba komai, ta juya. Daga ranar ya ɗaura ɗamara da ita. In ta sayo sabon sabulu sai ya karanta takardar a ɓoye, ya ce lemon nan ya yi yawa a ciki. Ita kuma sai ta ce, “Haka ne,” da wata irin murya da ba ta yi masa ba.

Ana cikin haka surukinsa ya kira shi a waya, mijin 'yarsu Auta, ma'aikacin jinya ne a asibiti. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, “Baba, sati uku ke nan wari ya hana mu zaman tsakar gida. Ga Auta da juna biyu, ko abinci ba ya zama a cikinta. Maƙwabcinmu ne, tsohon direban nan, ya gina sabon bayi jingine da katangarmu. Na rubuta takardar ƙara zan kai wa duba-gari, amma na ce sai ka zo ka ji da kanka. In ka ce shi ne, ba mai musu.”

Hanci ya nemi ciwon baya ya rasa bakin faɗa, don gidan 'yarsa ne. Yana kashe wayar Tela ta ɗago daga kan keken ɗinki ta ce ita ma za ta bi shi, da ma akwai rigar Auta da ta gama. Ya ce aiki zai je, ba ziyara ba. Ta ce ai babur ɗin na ɗaukar mutum biyu. Da ta fito kuwa sai ga ta da wata jaka shaƙe, wadda riga ɗaya ba za ta cika ba ko ta giwa ce.

“Me ke cikin jakar nan?”

“Kayan mata.”

Duk hanya yana tuƙi yana lissafi. Suruki ma'aikacin jinya, wanda aikinsa ke nan gano abin da mutum ke ɓoyewa a jiki. Mata mai gwada shi da madara. 'Ya mai ciki, wadda ko ruwan sanyi zai iya yi mata wari. Anya ma akwai warin? Kafin su kai kwanar gidan ya gama yarda cewa tarko aka ɗana masa. Za su kai shi inda babu komai su ce ya ji, in ya ce ya ji, su dubi juna.

Bayan la'asar suka isa, lokacin da surukin ya ce abin ya fi tashi. Gidan ƙarami ne, ɗaki biyu da falo, an shafe tsakar gidan da siminti, ga sabuwar rumfar kwano daga jikin bango zuwa kusa da katanga, inda surukin ke ajiye motarsa. Auta ta fito tana riƙe da ɓawon lemo a hanci, ta durƙusa ta gaishe shi, ta koma ciki da sauri. Ya bi ta da ido. Ta rame, wannan kam ba wasa ba ne. Amma ciki ma na ramar da mutum. Tela ta ja kujera ta zauna a bakin rumfar, jakarta a cinya, fuskar nan kamar an shafe ta da dutsen guga, ba abin da za ka karanta.

Ya goya hannu ya fara zagaye. Murfin rami a rufe yake ruf, simintin bakinsa bai tsage ba. Ƙasar da ke kewaye a bushe. Kwatar wanke-wanke fes, har da alamar an zuba mata ruwan zafi. Ƙuda bai fi uku ba, su ma a kan kwandon shara suke. Ya sunkuya ya sake zagayowa, yana jan iska har ƙirjinsa na ciwo. Duk abin da ya saba jingina da shi a watannin nan, yau babu ko ɗaya. Abu ɗaya kawai ya gani, tagar kicin a rufe take, an cusa tsohon zani a ƙasanta. Ya tsaya a kan zanin nan. Ƙura ta hau shi, ba yau aka sa ba. In tarko ne, to sun daɗe suna shiri.

Ya ɗaga murya ya kira Auta ta taga. “Wane iri ne?”

“Wari ne kawai, Baba.”

“'Yar cikina ce ke cewa wari kawai?”

Ta ce, “Kamar ƙwai ya ruɓe. Da safe babu. Sai rana ta yi zafi, in iska ta juyo.”

Wannan ya san shi. Ba ruwa ne ke yoyo ba, iskar cikin rami ce ke fita ta inda bai kamata ba. Amma ramin wa? Surukin ya riga ya tsaya a jikin katanga, inda rufin sabon bayin maƙwabci ke leƙowa. “Baba, zo nan. Daidai nan. Ka ji?”

Hanci ya je ya tsaya. Ya ja numfashi. Iska ce kawai ta shiga ta fita. Ya saci kallon surukin, ya ga ya zuba masa ido, irin kallon da suke yi wa mara lafiya in sun ba shi magani suna jira ya haɗiye. In ya ce e alhali ba komai, ya faɗa. In ya ce a'a alhali wurin na ɗoyi, ya faɗa. Ya waiga wajen Tela ko za ta ja mayafi ta rufe hanci. Zare take cirewa daga bakin jakarta.

“Ka yi min shiru,” ya ce wa surukin, “aiki nake.”

A nan aka yi sallama a ƙofa. Tsohon direban ne, dogo, ya ɗan ranƙwafa, da hularsa a hannu. Ya ji an ce Baba Hanci ya zo. Ya gaisa da kowa, surukin ya amsa da ƙyar. Sannan ya ce, “Malam Hanci, ni ban zo gardama ba. Bayin nan da hannuna na gina, don gwiwoyin tsohuwata ba sa kai ta na can baya. Na yi iya yadda na sani. Amma kai aka sani da aikin nan. In ka ce nawa ne, ba sai an kai takarda ba, gobe zan sa guduma.”

Maganar gaskiya, Hanci ya so ya ce nasa ne. Bayi sabo, wanda direba ya gina, jingine da katanga, a daidai inda mutanen gida ke nunawa. A irin wannan sau da yawa hakan ne. Kalma ɗaya zai faɗa ya hau babur ɗinsa da sunansa a cike, in ma tarko ne ya tsallake, tunda bai ce ya ji ba, ya ce na wane ne. Har ya buɗe baki. Sai idonsa ya faɗa kan hannun tsohon da ke murza hula, siminti ya cinye gefen yatsun, fatar ta farfashe. Ya san irin wannan hannun, shi ma ya yi shekaru da shi. Kuma abin da ya fi ci masa rai, shekara talatin yana cewa duk inda maigida ya nuna a fara zargin wurin, yau ga shi zai bi yatsan maigida saboda ba shi da abin bi.

Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa.

“A samo min gwangwani. Da ashana.”

Surukin ya ce, “Gwangwani, Baba? Hayaƙi za ka…” bai ƙarasa ba. Har tsohon direban ya ɗago kai, don maganar benci ta daɗe da zagaya gari.

“Hayaƙi zan kunna. Ba na jin komai. Wata bakwai ke nan, ko gam ba na ji.” Ya faɗa yana kallon murfin cemba, kunya ta rufe shi har wuyansa na zafi. “Ku nemo min tsummoki kuma.”

Ba wanda ya motsa sai Tela. Ta sauke jakar ta zuge ta. Ta ciro rigar Auta ta ajiye a kan kujera. Sannan ta ciro gwangwanin madara babba, an huhhuda gindinsa da ƙusa, da kwalin ashana, da mafici, da ƙyallayen ɗinki dunƙule biyu. Ta ce, “Waɗannan busassu ne, na kamawa. Waɗannan na ɗan yayyafa musu ruwa, sun fi hayaƙi.”

Ya daɗe yana kallonta. “Wa ya koya miki?”

“Kai mana. Shekara nawa kana zagin masu yi a gabana, kana faɗin yadda suke yi dalla-dalla? Ai na haddace.”

Ya ɗaga murfin cemba ya bar ta ta sha iska sosai, don ya san iskar rami ba ta wasa da wuta. Ya kunna ƙyallayen a gefe, sai da harshen wutar ya mutu suka koma turnuƙewa, sannan ya zura gwangwanin a bakin bututu, ya rufe rabin cembar da katako, ya durƙusa yana fifitawa. Ya ce kowa ya dubi wuri ɗaya, surukin ya dubi katanga, tsohon direban ya dubi gindin bango, Tela sama.

Minti biyu ba komai. Surukin ya kafe ido a kan rufin bayin maƙwabci kamar zai huda shi. Sai Tela ta ce, “Malam, ɗago.”

Hayaƙi ne ke fitowa daga ƙarƙashin rumfar mota, can a lungun da kwano ya haɗu da bango, bayan ƙarfen da ya riƙe rufin. Ya taru a ƙarƙashin kwanon, ya bi gangarensa a hankali, ya zo bakin rumfar, iska ta kwantar da shi ya sauka a jikin katanga, a kan kafaɗar surukin daidai.

Hanci ya sa aka kawo tsani ya hau. Ga shi nan, bututun iska na ramin gidan, wanda ya kamata ya wuce saman rufi ya kai warin sama, an yanke shi da zarto an bar shi da baki buɗe a ƙarƙashin kwano.

“Wa ya yanke wannan?”

Surukin ya sosa ƙeya. “Mai walda ne, Baba, da za a kafa rumfar. Ya tare masa hanyar ƙarfe. Ya leƙa ya ce bututun banza ne, ko ruwa babu a ciki. Ni na ce ya yanke.”

“Yaushe aka kafa rumfar?”

“Sati uku… da kwana biyu.”

“Kai da kake auna numfashin mutane a asibiti, ka toshe wa gidanka hanci, sannan ka rubuta ƙarar dattijo?” Faɗan ya zo masa da daɗi, har ya ɗan manta da kunyarsa. Surukin ya je ya durƙusa a gaban tsohon direban yana ba shi haƙuri, ya ɗauko takardar ya yaga a gabansa. Tsohon ya ce ba komai, ya sa hularsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce wa Hanci, “Ni dai ban ga an kunna komai ba.” Hanci ya ce, “Ka gani. In an tambaye ka ka faɗa.”

Kafin magariba ya huda kwanon, ya ƙara bututu ya wuce rufi da kamu uku, ya liƙe gefen. Ya sake fifita hayaƙin, suka ga ya miƙe sama ya tafi. Auta ta fito ta cire zanin da ke tagar kicin, ta tsaya a tsakar gida tana shaƙar iska ba lemo a hannunta. Ta zo ta riƙe hannun rigarsa kamar lokacin tana ƙarama, ba ta yi maganar hancin ba, shi ma bai yi ba.

Da suka fito bai tayar da babur ɗin nan da nan ba. Ya tsaya yana ɗaure akwatin kayan aiki, yana kwancewa yana sake ɗaurewa.

“Tun ranar shinkafar nan kika sani ko?”

“Shinkafa? Wannan ai mantuwa na yi, ta kama da gaske.”

“To madarar.”

“Ita ma da gaske nake tambaya.” Ta gyara mayafinta. “Tun satin da ka tashi daga ciwon ne. Kana zaune a ƙofar ɗaki kana gyaran wani famfo, na zo ta bayanka. Tun da aka kawo ni gidanka ban taɓa zuwa ta bayanka ba ka ce ‘Tela, man keken nan naki’ tun kafin in ƙaraso ba. Ranar na tsaya a bayanka har ƙafata ta gaji. Ba ka juyo ba.”

Ya sunkuyar da kai kan igiyar. Duk cikin abubuwan da suka ɓace masa, wannan ne bai yarda ya tuna ba, ƙamshin man keke da sabon yadi da ke shigowa ɗaki kafin ita. Idonsa ya cika, ya ɗora laifin a kan hayaƙi.

“Me ya hana ki faɗa?”

“In faɗa ka ce da wa na haɗa baki?”

Ya yi dariyar da ba ta fita sosai ba. Ya ce gobe sai ya je shagon mai bututu da kansa, kafin labari ya riga shi, su zo su kwashi kayan su raba in sun ga dama. Ta ce ba mai taɓa masa ko sufana ɗaya, mutumin da ya hana a rushe bayin tsohuwa. Ta miƙa masa gwangwanin, ya karɓa ya juya shi yana duba hujojin, ya ga an yi su daidai, ya buɗe akwatin ya sa shi kusa da gam.

“Ƙyallayen sun ƙare ko?”

Ta hau bayan babur ɗin ta riƙe rigarsa. “Akwai buhu biyu a ƙarƙashin gado. Tun ranar nake tarawa.”